Kwana Biyar a Bhola, Tsibirin da Kogi Ke Ci

Shekarata ta biyu ke nan ina karatu a jami'ar fasaha ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, da ke Gazipur, arewa da Dhaka, lokacin da wani abokina ɗan ƙasar ya ce hutun Disamba a gidansu zan yi shi. Mutumin Bhola ne. Da na tambaye shi motar da za mu hau, sai ya ce babu gadar da ta haɗa garinsu da sauran ƙasar Bangladesh, ko ta ina ka ɓullo sai ka tsallaka ruwa.

Bayan magariba muka isa Sadarghat, tashar jiragen ruwa da ke bakin kogin Buriganga. Jirgin hawa uku ne, suna ce masa lanch. Masu hali suna kama ɗaki a sama, sauran jama'a kuwa kowa ya shimfiɗa zaninsa a ƙasa ya kwanta, ga buhuna, ga kwandunan kaji. A ƙasa muka zauna. Can cikin dare abokina ya tashe ni muka fita baranda, daidai Chandpur, inda Padma ke zuba cikin Meghna. Na taɓa ganin Kwara a Lokoja, amma nan na duba dama na duba hagu, babu gaɓa, sai fitilun masunta can nesa cikin hazo. Ya ce tukuna, ba mu ma kai inda ya buɗe ba.

Da asuba muka sauka a Ilisha. Bhola shi ne tsibiri mafi girma a Bangladesh, Meghna na gabas da shi, Tetulia na yamma, tekun Bengal na kudu. A 1984 ya zama gunduma mai cin gashin kanta, a ƙarƙashin yankin Barisal, kuma an raba shi ƙananan hukumomi bakwai da suke kira upazila: Bhola Sadar, Daulatkhan, Borhanuddin, Tazumuddin, Lalmohan, Char Fasson da Manpura, wadda ita ma wani tsibirin ce daban. Ƙidayar 2022 ta samu mutum sama da miliyan 1.9 a gundumar, mafi yawansu Musulmi, sai 'yan Hindu kaɗan. Wannan adadi na san shi tun a takarda. Abin da takarda ba ta shirya ni ba shi ne yadda mutanen suke zaune.

A wajenmu idan ka bar gari sai ka shiga daji, ka yi tafiya kafin ka hango rumbunan wani ƙauyen. A Bhola ba ka sanin inda ƙauye ya ƙare da inda wani ya fara. Tun daga tasha har muka karkata gabas zuwa Tazumuddin, ban ga taku ɗari ba tare da mutum ba. Gida, kududdufi, gonar shinkafa, masallaci, gida kuma. Babu dutse ko ɗaya, babu tudu. Lokacin girbin shinkafar da suke kira aman ne, an baje ta tana shanya har a gefen kwalta. Gidajen sun ɓuya cikin kwakwa da dogayen itatuwan supari, wani ɗan itace da suke taunawa da ganye kamar yadda muke cin goro.

Mahaifiyar abokina ta tare mu a bakin ƙofa. Na gaishe ta da "khala", kamar yadda aka koya mini, wato inna. Ita kuwa sai ta kira ni "baba". Na juya na dubi abokina, ya ce haka manya suke kiran yaron da suke ƙauna. Kafin in ajiye jaka ta tambaya ko na ci shinkafa. An kawo ta da kifin ilish, mai mai da ƙananan ƙayoyi barkatai, sannan aka biyo da kindirmon bauna a 'yar tukunyar ƙasa, mai kaurin da cokali ke tsayawa a ciki. Bauna a can dabbar gida ce, ana kiwonta garke-garke a tsibiran da ke tsakiyar kogi.

Na lura gidan duka langa-langa ne da katako, an ɗora shi a kan dandamalin ƙasa. Ƙasar daga kududdufin bayan gida aka haƙo ta, shi ya sa kusan kowane gida yana da nasa. Na ɗauka rashin kuɗi ne ya hana su ginin bulo. Washegari mahaifin abokina ya fahimtar da ni.

Ya kai ni bakin Meghna, muka hau ganuwar ƙasa da aka yi don tare ruwa. Ya miƙa hannu ya nuna wani wuri can cikin kogi inda kwale-kwale biyu ke jan taru. Ya ce a nan aka haife shi, a nan gonar ubansa take, a nan kuma aka binne uban. Abokina yana fassara mini, muryarsa tana raguwa. Na kira shi "chacha", wato baffa, na ce, "Sau nawa kuka tashi?" Ya ɗaga yatsu uku. Suna kiran abin nodi bhangon, wato zaizayar kogi. Da damina ruwa yana cin gaɓa ta ƙarƙashi, da dare sai ka ji ƙasa ta rufta. Gidan langa-langa ana kwance shi a yini guda a ɗora a kwale-kwale. Gidan bulo sai dai ka tsaya kana kallo.

Ni da na taso inda ake shaida iyakar gona da gamba da tsohuwar tsamiya, inda jika ke nuna kunyar da kakansa ya yi, wannan magana ta tsaya mini a rai. A nan gado ma yana nutsewa. Waɗanda ba su da inda za su koma sai su kafa bukka a jikin ganuwar, wasu su nufi Dhaka ko Chittagong neman aikin ƙarfi. Ƙasar da kogin ya ci a nan kuma yana zuwa ya zube ta a wani wurin, sabon tsibiri ya ɓullo, shi ake kira char. Da farko laka ce, sai ciyawa, sai masu bauna, sai manoma. A doka irin wannan ƙasa ta gwamnati ce, khas, kuma marasa gona ya kamata a raba wa. Dattijon ya ce mai ƙarfi ne kan riga kowa isa. Ina ganin duk wanda zai yi lissafin mutanen Bhola, in bai sa wannan yawon dole a ciki ba, rabin labarin ya samu.

A hanyar komawa muka wuce wata makarantar firamare da aka ɗora a kan dogayen ginshiƙai, ƙasanta fayau. Mafakar guguwa ce. A daren 12 ga Nuwamba 1970, lokacin ƙasar tana Gabashin Pakistan, guguwa ta turo teku ta rufe wannan yanki, ta kashe aƙalla mutum 300,000. A Tazumuddin, cikin mutum kimanin 167,000, sama da kashi 45 cikin ɗari ne suka rasu. Dattijon yana yaro a lokacin, itacen kwakwa ya rungume har gari ya waye. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan wannan masifa ne aka kafa shirin 'yan sa-kai tare da ƙungiyar Red Crescent, masu yawo da lasifika suna kafa tutar gargaɗi. Abokina ya ce yanzu idan aka ce siginar gargaɗin guguwa ta kai 10, wato babban haɗari, har tsofaffi sun san a bar komai a hau makaranta, shanu kuma a kai su kan tudun da aka tara musu, wanda suke kira killa.

Ranar da za mu tafi, khala ta ɗaure mini tukunyar kindirmo da ganyen ayaba, ta ce in dawo da damina lokacin da ilish ke cika kasuwa. Chacha ya raka mu har bakin hanya. Ya ce in zan zo in fara kiran ɗansa a waya, ya gaya mini inda gidan yake a lokacin.