Abin da zauren wasanni na Jami'ar Duke ya koya mini

A shekarar da aka ba ajinmu aikin zana rufaffen zauren wasanni na jami'a, malaminmu ya ce kowa ya zaɓi gini ɗaya da yake tsaye a duniya, ya san shi ciki da waje kafin ya ɗora fensir a takarda. Na zaɓi Cameron, zauren ƙwallon kwando na Jami'ar Duke da ke garin Durham a jihar Arewacin Karolina ta Amurka. Abin da ya ja ni gare shi tambaya ce: me ya sa jami'a mai wannan dukiya ta maƙale wa ginin da aka buɗe tun ranar 6 ga Janairun 1940?

Lokacin da aka gama shi, a kan kuɗi dala 400,000, babba ne ƙwarai a ma'aunin zamaninsa. Yau mutum 9,314 kawai yake ɗauka. Babbar abokiyar hamayyarsu, Jami'ar Arewacin Karolina da ke Chapel Hill, ɗan tafiya kaɗan daga Durham, ta buɗe sabon zaurenta a 1986, mai cin mutum fiye da 21,000. Duke ba ta bi sahu ba. Da na shimfiɗa zanen Cameron na auna tazarar da ke tsakanin layin fili da bencin farko, sai na gane dalili. 'Yan kallo suna dab da 'yan wasa, har ɗan wasan baƙi da zai jefo ƙwallo daga gefe yana ganin yatsu suna kaɗawa kusa da kafaɗarsa. Rufin bai yi nisa ba, don haka ihu ba ya ɓacewa a sama, dawowa yake yi kan fili. Wurin ya matse har masu sharhi a talabijin sai sun hau wani ɗan dandamali can kusa da rufi. Duke ta ci sama da kashi 80 cikin 100 na wasannin da ta buga a nan. Ba na cewa gini ne ke jefa ƙwallo a kwando. Mike Krzyzewski, wanda ya horar da ƙungiyar daga 1980 zuwa 2022 ya kuma ci kofin ƙasa sau biyar, shi da yaransa ne suka yi wannan. Amma ginin yana taya su, kuma mai zane ne ya ba shi wannan halin.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne rabon wurin zama. A yawancin manyan zaurukan wasa, kujerun da ke bakin fili na masu hannu da shuni ne, ɗalibai kuwa sai can ƙurya. A Cameron bencinan ƙasa, waɗanda suka fi kusa da fili, an bar wa ɗalibai, masu biyan kuɗin tikiti suna sama. Saboda wannan wuri ne tun 1986 ɗalibai ke kafa tantuna a filin ciyawa da ke kusa da zauren, suna kwana cikin sanyin hunturu na makonni, don su shiga ranar karawa da Chapel Hill. Jami'a ta bar kuɗi masu yawa a kan wannan shawara, kuma ina ganin ta yi daidai, domin zauren jami'a na ɗaliban jami'a ne. A nawa zanen, ƙofar ɗalibai ce na fara sanyawa, na kai ta kai tsaye zuwa layin gaba, sannan na nema wa manyan baƙi wuri.

Sai batun kula da gini. Ba a rushe Cameron ba, amma ba a bar shi ya tsufa haka nan ba. A ƙarshen shekarun 1980 an gyara cikinsa, aka ƙara wurin zama, aka sa katako a bango da dogaran tagulla. A 2016 aka ƙara masa sabon zauren shiga daga gaba. Mata 'yan ƙwallon kwando da 'yan ƙwallon raga su ma a nan suke wasa, wato daɓen katakon ba ya hutawa, dole a riƙa duba shi. Wuri ɗaya ne ban yarda da masu yabon ginin ba. Sai a 2002 aka sa masa na'urar sanyaya wuri, kuma akwai masu ba da labarin zafin da ake sha a da kamar abin alfahari. Mutum dubu tara a rufaffen ɗaki ba iska, ga 'yan wasa suna gudu a kan daɓen da gumi ya jiƙa, wannan haɗari ne. Mu da muke zane don ƙasa mai zafi, kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, hanyar iska ce farkon abin da za mu warware, tun kafin a zo maganar fenti.

A ƙasan takardun zanen Cameron ne na haɗu da sunan Julian Abele, wanda ya zana zauren. Baƙar fata ne ɗan Filadelfiya, na farko a cikin baƙaƙe da ya kammala karatun zanen gine-gine a Jami'ar Fensilbaniya, a 1902. Shi ne babban mai zane a kamfanin Horace Trumbauer, kuma daga hannunsa yawancin gine-ginen dutse na yammacin harabar Duke suka fito, har da majami'arta. Bai fara sa hannu a zanensa ba sai bayan rasuwar Trumbauer a 1938. Ya rasu a 1950, lokacin da Duke ba ta karɓar ɗalibi mai launin fatarsa. Sai a 1963 baƙaƙe na farko suka shiga karatun digirin farko. A 1972 aka raɗa wa zauren sunan Eddie Cameron, tsohon mai horarwa kuma daraktan wasanni, wanda ya cancanta. Abele kuwa sai a 2016 jami'ar ta sa sunansa a babban filin tsakiyar harabar. Wannan jinkiri ya dame ni sosai. Da muka zo miƙa aikin rukuni a zangon da ya biyo baya, na nemi a rubuta sunan duk wanda ya ja layi a kan takardar, har da ƙaramin ɗalibin da ya taya mu zana matakala, kuma abokan aikina suka amince.