Darussa daga aikin haɗin gwiwa kan tarihin ilimin duwatsu

A shekarar 1841 Roderick Murchison, masanin duwatsu ɗan Birtaniya, ya raɗa wa wani zamani na tarihin duwatsun duniya sunan lardin Perm da ke kusa da tsaunukan Ural a Rasha. Littattafan makaranta a nan suke tsayawa. To amma ba shi kaɗai ya yi tafiyar ba. Akwai Bafaranshe Édouard de Verneuil, gwanin gane burbushin halittun da suka zama dutse, akwai Alexander von Keyserling, akwai kuma matashin jami'in ma'adinai na Rasha, Nikolai Koksharov. Da aka gama kowa ya koma gida da nasa kason: littattafan rubutun Murchison suna Landan, burbushin da Verneuil ya tara suna Faransa, rahotannin ɓangaren Rasha kuwa da Rashanci aka rubuta su. Mai son sanin yadda aikin ya gudana ba zai iya daga ƙasa ɗaya ba, ko da kuwa ya fi kowa ƙwazo.

Irin wannan matsala ce ta haifar da INHIGEO, kwamitin ƙasa da ƙasa na masu nazarin tarihin ilimin duwatsu. An kawo shawarar kafa shi a babban taron masana duwatsu na duniya da aka yi a New Delhi a 1964, aka kafa shi a Yerevan ta Armeniya a 1967, Vladimir Tikhomirov ya zama shugabansa na farko. A lokacin yaƙin cacar baka ke nan, sa'ad da shiga rumbun takardun wata ƙasa ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai taro da jawabai ba su ne ke rusa aikin haɗin gwiwa ba, ba su ne kuma ke gina shi ba. Ƙananan abubuwa ne, waɗanda kowa ke ɗauka ya riga ya sani.

Kwanan wata shi ya fi kayar da mutane. Rasha ba ta bar tsohuwar kalandar Juliyan ba sai a Fabrairun 1918, kuma a ƙarni na 19 tazarar da ke tsakaninta da kalandar yammacin Turai kwana 12 ce. Ke nan idan jami'in Rasha ya rubuta 10 ga Agusta, abokin tafiyarsa Ba'ingile zai rubuta 22 ga Agusta, alhali a gindin dutse ɗaya suke tsaye. Wanda ya jera takardun biyu bai gyara ba, sai ya ƙirƙiro ziyara biyu inda aka yi ɗaya, ko ya ba wani fifikon gano abin da tare suka gani. Tazarar ma ba a tsaye take ba: kwana 11 ce a ƙarni na 18, ta koma 13 bayan 1900. Ita ma Ingila sai 1752 ta sauya, aka kwana 2 ga Satumba aka tashi 14. Hanyar da ta fi aminci ita ce a kwafi kwanan watan yadda yake a takarda, a rubuta wanda aka juya a gefensa, a kuma faɗi dalilin da ya sa ake ganin marubucin da wace kalanda ya yi aiki. Baƙo da ke zaune a Rasha yana iya bin kowacce, wasu ma duka biyun suke rubutawa, ɗaya a saman ɗaya.

Awo ma haka. Ƙafar Paris santimita 32.48 ce, ta Ingila 30.48. A ƙafa ɗaya ba a ganin komai, amma dutsen da aka ce kaurinsa ƙafa 1,000 ne, bambancin ya kai mita 20. Marubutan Jamus da yawa da ƙafar Paris suka yi awo, mai fassara kuwa sai ya rubuta "ƙafa" kawai ya wuce. A takardun Rasha akwai verst, wanda ya ɗara kilomita ɗaya kaɗan, wato mita 1,067.

Taswira ta fi waɗannan haɗari, domin ido yana yarda da ita nan take. An zaɓi layin Greenwich da ke Landan ya zama mafarin awon gabas da yamma a taswira a taron Washington na 1884, Faransa ba ta jefa ƙuri'a ba, ta ci gaba da awo daga layin Paris, wanda ke gabas da Greenwich da digiri 2 da minti 20. A daidai inda Sakkwato take wannan ya kai kusan kilomita 250. Wanda ya ɗauki lambobin wuri daga tsohuwar taswirar Faransawa ya zuba su a na'urar GPS, zai je ya tsaya a wata ƙasar hakimi daban yana neman dutsen da babu shi. Kafin a karanta tsakiyar taswira, a fara karanta bakinta.

Akwai kuma tambayar wane bugu aka karanta. Alfred Wegener ya gabatar da ra'ayinsa na cewa nahiyoyi suna motsi a Frankfurt cikin Janairun 1912, littafinsa ya fito a 1915. Fassarar Ingilishi ta 1924 daga bugu na uku aka yi ta, shi kuwa bugu na huɗu na 1929, wanda ya ƙara wa hujjoji, bai shiga Ingilishi ba sai 1966. Saboda haka masu sukarsa a Amurka da masu karanta shi a Jamus ba lallai abu ɗaya ke gabansu ba. Na Abraham Werner ya fi wuya. Ya koyar a makarantar ma'adinai ta Freiberg a Jamus daga 1775 har rasuwarsa a 1817, amma bai wallafa da yawa ba, iliminsa a rubutun ɗalibansa ya yaɗu: Robert Jameson a Edinburgh, Andrés del Río a Meziko, José Bonifácio ɗan Brazil. Sai an haɗa rubutun ɗalibai na shekaru daban-daban ake gane mene ne na malam, mene ne ƙarin almajiri.

Wajen musayar takardu, abin da ya kamata abokan aiki su amince a kai tun farko kaɗan ne. A ɗauki hoton takarda gaba da baya, da ambulan ɗinta idan akwai, domin hatimin gidan waya yakan warware rikicin kwanan wata. A sa lambar rumbu a sunan kowane hoto. A kwafi rubutu da kurakuransa, kar a gyara. Idan samfurin dutse ne, a ɗauke shi tare da 'yar takardar da ke manne da shi da abin awo a gefe, domin dutsen da ya rabu da takardarsa ya koma tsakuwa. A kuma yanke tun ranar farko sunan wa zai fito a kan maƙala. A nan ake yawan cin amana: wanda ya kwashe makonni yana karanta rubutun hannu da ƙyar, sai a sallame shi da layin godiya ɗaya a ƙarshe. A ganina wannan ba daidai ba ne, mai karanta takardar shi ma marubuci ne.

Mu ma abin ya shafe mu kai tsaye. Kwarin duwatsun Sakkwato gefe ne na babban kwarin Iullemmeden da ya ratsa Nijar har Mali. A Najeriya ana kiran shimfiɗun dutsen da sunayen garuruwa: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. A Nijar da Faransanci aka rubuta su, shimfiɗar Gwandu tana cikin abin da suke kira Continental Terminal. Dutse ɗaya, adabi biyu, kuma ba kowa ke karanta duka ba.

Binciken ma'adinai na Arewacin Najeriya da aka yi daga 1904 zuwa 1909 ya aika samfuransa Landan, J. D. Falconer da ya yi aikin shi ya zama shugaban farko na hukumar binciken duwatsun Najeriya a 1919. Takardun suna can, amma da ɗan gari akan ci gari. A rubuce-rubucen Turawa za a ga Liruei ko Liruein Kano. Ririwai ke nan, garin da masu narka kuza ke zuba ƙarfen siri-siri kamar tsinke suna kai shi kasuwa tun kafin zuwan kamfanoni. Mai bincike a Landan da ya nemi "Ririwai" kaɗai a kundin rumbu zai iya tsallake fayil ɗin da yake nema, shi kuwa na Kano da ya san garin ba shi da fayil ɗin a hannu. Shi ya sa jadawalin farko da za a haɗa a irin wannan aiki na sunayen wurare ne: yadda aka rubuta a takarda, yadda mutanen wurin ke faɗa, da shekarar da kowane rubutu ya fara bayyana.