Sanyin da ke salwanta a cikin bututu

Tun da na fara koyon lissafin bututun iska, abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗora wa inji laifin da ba nasa ba. Ɗaki ya ƙi yin sanyi, sai ka ji an ce na'urar sanyaya iskar ta yi ƙanƙanta, a kawo babba. Sau da yawa kuwa sanyin ya fito daga injin lafiya lau, a hanya ya zube, cikin bututun da ke kwance a saman silin inda babu mai leƙawa.

Lissafin farko ba shi da wuya. Yawan iskar da ke wucewa shi ne filin bakin bututu sau gudun iskar. Ɗauki bututu mai zagaye wanda faɗinsa milimita 200 ne, filin bakinsa zai zama murabba'in mita 0.0314. In iska na gudun mita 4 a sakan, lita 126 ke nan take wucewa kowane sakan, wajen kubik mita 450 a awa. Littattafan Amurka da CFM suke awo, wato kubik ƙafa a minti, kuma CFM ɗaya lita 0.47 ne a sakan. Ni lita da mita na riƙe, don haɗa awo iri biyu a takarda ɗaya shi ke rikita mai koyo.

Sai batun matsi, kuma a nan ne na fi daɗewa. Iska tana goga da bangon bututu, tana karo da kowace gwiwa da kowane reshe, fanka kuma ita ke biyan wannan bashin. Asarar ba ta tafiya daidai da gudu, gudu sau gudu take bi: ka ninka gudun, asarar ta kusan ninkuwa sau huɗu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne faɗi. Ka matse bututun nan daga milimita 200 zuwa 100, ka ce dole iskar ɗazu ce za ta wuce, asarar matsi a kowace mita ta haura kusan sau 30. Shi ya sa duk lokacin da na ji wani ya ce "a ɗan rage girmansa ya shige tsakanin ƙarafan nan", gabana ke faɗuwa. Fanka za ta yi ta gurnani, bakin iska ya riƙa fito, ɗakin ƙarshe kuma ya tashi a tutar babu. Masu zane da yawa kan tsara bututu a kan asarar fasikal 1 (awon matsi ke nan) a kowace mita, ko kusa da haka. Bututun roba mai lanƙwasa kuwa, in an bar shi a sake yana lilo, asararsa ta fi ta kwano nesa ba kusa ba, sai an ja shi ya miƙe sosai.

Lissafin zafi lamba ɗaya ce ke riƙe da shi, 1.2. Kubik mita ɗaya na iska yana da nauyin kilo 1.2 a digiri 20, kuma ɗumama kilo ɗaya da digiri ɗaya na cin kusan jul 1,005 (jul awon makamashi ne, jul ɗaya a sakan shi ne wat ɗaya). In ka haɗa su, kowace lita a sakan tana ɗaukar wat 1.2 a kan kowane digiri. Da wannan kaɗai za ka iya gane abin da ke faruwa a saman silin.

Bari mu gwada da bututunmu. Tsawonsa mita 10, don haka fatarsa murabba'in mita 6.3 ce. Iskar ciki tana digiri 13, sararin da ke ƙarƙashin rufi ya kai 40, bambanci 27. Kwano ne tsirara, mu ɗauka yana barin wat 5 su ratsa kowane murabba'in mita a kan kowane digiri. Ka buga 5 sau 6.3 sau 27, wajen wat 850 ne ke shiga. Ka raba da 1.2 sau 126, za ka ga zafin iskar ya ƙaru da sama da digiri 5 kafin ta kai ɗaki. Ta bar inji a 13, ta iso a 18 da 'yan kai, alhali an riga an ƙona wutar sanyaya ta. Yanzu a naɗe shi da audugar gilashi mai kaurin milimita 50. Lambar 5 ta sauko zuwa wajen 0.7, zafin da ke shiga bai wuce wat 120 da 'yan kai ba, ƙarin bai kai digiri ɗaya ba. A ƙasashen sanyi, inda bututun ke ɗauke da iska mai ɗumi, lissafin ɗaya ne, zafin ne kawai ke fita maimakon shiga.

Naɗin ma yana da ƙa'ida. Bututu mai sanyi a cikin iska mai laima raɓa yake tarawa, ta jiƙa audugar, jiƙaƙƙiyar auduga kuwa ba ta tare zafi. Dole takardar alminiyon da ke bayanta ta rufu ruf, a liƙe duk wata tsaga. Laima ba sabuwar abokiyar gaba ba ce a wannan sana'a: na'urar da Willis Carrier ya ƙera a 1902 don wata maɗaba'a a Burukilin ta Amurka, laimar da ke ɓata takarda aka yi ta don magancewa.

Kafin naɗi, a fara bin mahaɗai ana toshe yoyo, domin iskar da ta tsere ta tsaga babu audugar da za ta dawo da ita. Ni yanzu in aka kira ni kan ɗakin da ba ya sanyi, ma'aunin zafi nake sakawa a bakin inji, in saka wani a bakin iskar ɗakin, in auna gudun iskar, sannan in fito da biro. In bambancin wuraren biyu ya wuce digiri biyu, tsani nake nema in hau silin kafin in taɓa injin.