Yadda ake tsara sharar kicin a gidajen Abuja

Warin kwandon shara daga ruwan da ke cikinsa yake fitowa. Ledar fiya wata, kwalin taliya, robar lemo da gwangwanin madara za su yi wata guda a lungu babu wanda ya toshe hanci. Amma a juye musu ragowar miya da kayan cikin kifi, kafin gari ya waye duk sun zama ƙazanta ɗaya, har abin da za a iya sayarwa ya lalace. Don haka tushen aikin shi ne jiƙaƙƙiyar shara daban, busasshiya daban.

A fara da jiƙaƙƙiyar, don ita ce mai rigima. Bokiti mai cin lita 5 zuwa 10, mai murfin da ke kamawa gam, ya ishi girkin yini a yawancin gidaje. Gidan yawa kuma ya nemi tsohon bokitin fenti mai lita 20, a wanke shi tas. Da gangan ake zaɓar ƙarami. Babban kwando yana sa a riƙa cewa bari ya cika tukuna, alhali ƙwan ƙuda ba ya kai kwana ɗaya yake ƙyanƙyashewa a zafin Abuja na watan Maris, lokacin da rana ke haura digiri 35. Tsutsar da ake gani da safe tana bin gefen kwando, jiya aka yi ƙwanta. Kwandon nan mai murfin lilo da ake yawan saye saboda kyansa bai dace da wannan aiki ba, domin ko yaushe akwai kafa a gefensa, ƙuda da kyankyaso na shige da fice. Na takawa da ƙafa ya fi shi, sai dai a duba sandar da ke ɗaga murfin: in ta roba ce, nan yake fara karyewa.

Kafin a sa leda, a shimfiɗa kwali ko tsohuwar jarida a gindin bokitin, a barbaɗa tokar gawayi kamar cikin hannu ɗaya. Toka na tsotse ruwan da ya ɗiga, tana rage tsami. Sai an tabbata ta huce sarai, don garwashi kan kwana da ransa a cikin toka, ya huda leda da roba. Duk abin da ke da romo a tsane shi a matsami kafin a zuba. Man suya da ya gama aiki kada ya bi bututun wanke-wanke. Yana daskarewa a lanƙwasar bututun, ya kama gari da ƙwayar shinkafa, wata rana ruwa ya ƙi wucewa. A bar shi ya huce, a ɗura a tsohuwar gora, a rufe. Kayan cikin kaza da na kifi a ƙulle su a leda biyu. In ana samun wuta a jefa su can ƙasan firiza sai ranar fitar da shara, in babu a fita da su nan take.

Bokitin nan ba ya kwana da kaya. Bayan an fitar, a ɗauraye da omo, a kife shi ya sha rana. Sau ɗaya a mako a bi shi da bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 10, a bari minti 10. Ba a haɗa bilic da ruwan wankin masai, hayaƙin da suke fitarwa yana shaƙe mutum. Wurin ajiya kuwa, mutane sun fi son ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ba laifi in bututun ba ya yoyo. In yana ɗiga, an haɗa wa kyankyaso duhu da ruwa da abinci ke nan.

Ba duk jiƙaƙƙiya ce ta bola ba. A Kubwa, Karu, Nyanya ko Lugbe da wuya a rasa maƙwabci mai akuya ko kaji. Ɓawon doya, na dankali, na kankana da ganyen kabeji abincin dabba ne, ƙanzo ma in an shanya shi ya bushe ƙarau. A ware musu roba ta musamman, a kula kada guntun leda ya shiga, domin tana cushewa a tumbin akuya har ta kashe ta. Ɓawon rogo sai an shanya shi sosai, ɗanyensa na da guba. Mai ɗan fili a bayan gida zai iya yin taki a durom mai huji-huji: awo ɗaya na ɓawo, awo biyu zuwa uku na busasshen ganye, ana juyawa duk mako, ban da nama da mai. Cikin wata biyu zuwa uku ya nuna.

Busasshiyar shara ba ta buƙatar a kashe mata kuɗi. Buhunan shinkafa uku masu kilo 50, a rataye su a ƙusa a barandar baya inda ruwan sama ba ya tsiyaya, su ɗaga daga ƙasa kamar taƙi ɗaya don tsintsiya ta wuce. Na farko na gorunan ruwa da na lemo, waɗanda ke da lamba 1 cikin alama mai kusurwa uku a gindinsu. A ɗauraye, a bar su su bushe, sannan a take su. Lemon da ya rage a gindin gora shi ke jawo kiyashi. Masu kyau da murfinsu kada a take, masu zoɓo da kunun aya na nemansu. Nan akwai abin lura babba: duk gorar da aka taɓa zuba fiya-fiya, kalanzir ko maganin feshi a ciki, a huda ta da wuƙa kafin ta bar gida, kada ta koma hannun mai sayar da abin sha.

Buhu na biyu na gwangwani ne. Na maltina da na lemo alminiyon ne, sun fi tsada a kilo. Na tumatir, madara da sadin ƙarfe ne. Mayen ƙarfe ke raba gardama, yana kama ƙarfe, ba ya kama alminiyon. In aka haɗa su a buhu ɗaya, farashin mai arha za a yi wa duka. A tura murfin gwangwanin ciki a matse bakinsa saboda yatsun yara. Na uku na ledar fiya wata, a tsaga ta ta bushe tukuna, in ba haka ba buhun zai yi gansakuka. Kwali a warware shi, a jera, a ɗaure da igiya. Wanda ya sha mai ko ya jiƙe ba mai saye. Fasasshiyar kwalba a naɗe ta a kwali a ɗaure, don hannun mai kwashewa.

Kada buhunan su wuce wata guda, musamman kwali, wanda ɓera ke son yin sheƙa a ciki. Tun da hukumomin birnin tarayya suka hana yawon baban bola a cikin gari, ba kullum mai saye zai ƙwanƙwasa ƙofa ba. Gara a san wurin awon kayan bola mafi kusa, ko gidaje uku huɗu su haɗa kaya a kai gaba ɗaya. Kuɗin ba shi da yawa, gaskiya, amma kwandon waje zai daɗe bai cika ba.

Shi kwandon waje, irin mai taya mai lita 240 da motocin 'yan kwangilar hukumar kare muhalli ta Abuja (AEPB) ke ɗagawa, murfinsa ne rabin amfaninsa. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, wanda aka bari a buɗe kan tara ruwa, shara ta ruɓe, sauro ya samu wurin ƙwai. Da rani kuma ɓera ne abin tsoro, don lokacin ne zazzaɓin Lassa ke ƙaruwa, kuma ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci. A nisanta kwandon daga ƙofar kicin da tagarta, a sa komai cikin ƙullalliyar leda, in murfin ya tsage a ɗora dutse kafin a sauya. Inda mota ba ta zuwa sai mai baro, a tambaye shi inda yake juyewa. Wasu a kwata suke zubarwa, ruwan farko ya dawo da ita ƙofar gida. Masu ƙonawa kuma su cire batir da gwangwanin fesa maganin sauro, ko da ya ƙare, don yana fashewa a wuta.