Wai a goge duniyar Marvel a faro daga farko? Ni dai ban yarda ba

Jiya da daddare ni da wani abokina mun kusa awa biyu muna musu kan maganar ribut, wato a goge tarihin jaruman komik a sake farawa, shi ya dage wai lokaci ya yi da Marvel za su share komai su fara daga lamba 1, ni kuma na ce masa a bar kaza cikin gashinta. Kuma fa ba wai hujjarsa ba ta da ƙarfi ba ne. Duniyar nan tun 1961 aka kafa ta da Fantastic Four, Spider-Man ya zo a 1962, to yaron da yau ya ga fim ya ji yana sha'awar komik ta ina zai fara? Ka ɗauko X-Men ɗaya ka ga an ambaci wani da ya mutu ya dawo ya sake mutuwa, sai ka koma intanet kana bincike kamar mai shirin jarrabawa. Wannan kam na yarda da shi.

Amma dai mun ga yadda ta kaya a gidan DC, kamfanin su Superman da Batman, ai. Sun yi Crisis on Infinite Earths a 1985 zuwa 1986, suka narkar da duniyoyinsu barkatai suka koma guda, Barry Allen, wato Flash, ya mutu, Supergirl ta mutu, kuma gaskiya wancan ya yi kyau ba laifi. Sai 2011 suka zo da New 52, littattafai 52 duk daga lamba 1, har Action Comics da ke tafe tun 1938 ya haura fitowa 900 aka mayar da shi baya. Da farko kasuwa ta buɗe kam, mutane suka yi ta saye. To amma me aka yi mana? An raba auren Superman da Lois, an cire masa jan wandon nan, Barbara Gordon, wato Batgirl, da ta shafe shekara ashirin da wani abu a keken guragu tana aikin Oracle aka miƙar da ita, Wally West kuwa, yaron Barry da ya gaje shi a matsayin Flash, ɓat, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Abin da ya fi ban dariya shi ne Batman, wai jarumai shekara biyar kacal suka yi da bayyana amma shi har ya yi Robin huɗu, wato yaran da ke taya shi aiki, haba don Allah, kamar mai canza direba. Gyaran gangar auzinawa kenan, an ce za a sauƙaƙa sai aka ƙara dagula lissafi.

Shekara biyar sai ga su da Rebirth a 2016, suna dawo da abin da suka goge. Har yanzu ina tuna shafin nan da Wally ke ta bin mutane ba wanda ya gane shi, yana gab da ɓacewa, sai Barry, wanda tuni aka dawo da shi da rai, ya tuna sunansa ya fizgo hannunsa suka rungume juna. Wallahi na daɗe ina kallon shafin ban juya ba. Kuma abin da ya sa ya taɓa ni shi ne tarihin da ke tsakaninsu, wanda shi ɗin ne dai aka ce kaya ne mai nauyi a zubar.

Ni a ganina ciwon Marvel ba yawan tarihi ba ne, tsoro ne, ba sa son kowa ya girma. Iron Man a Biyetnam aka fara labarinsa, da shekaru suka ja aka matsar da shi Afganistan don kar ya tsufa, wannan ma da sauƙi. Amma Peter Parker, wato Spider-Man, fa? Ya auri Mary Jane a 1987, shekara ashirin ana tare, sai a 2007 aka sa ya sayar wa shaiɗanin nan Mephisto auren don ceton Anti May, kawai saboda ana son ya koma gwauro mai fama da kuɗin haya. Ai wannan ma ribut ne ta bayan gida, kuma masoya har gobe ba su huce ba. In aka share komai yau, mutanen da ke da wannan tunanin su ne dai za su sake rubutawa, mu sake kallon mutuwar Kawu Ben karo na ban san adadi ba.

Hanyar da ta yi aiki kuma kowa ya gan ta, a buɗe wata duniya a gefe. Ultimate ta 2000 ita ta ba mu sabon Spider-Man, Miles Morales, a 2011, sabuwar Ultimate Spider-Man ta Jonathan Hickman a 2024 ta nuna Peter da aure da 'ya'ya biyu, DC ma suka fito da Absolute Batman a shekarar, Bruce ba kuɗi ba katafaren gida. Sabon shiga ya samu lamba 1 ɗinsa, mu tsofaffin hannu ba a taɓa mana namu ba.

Da na zayyana wa abokin nawa duk wannan sai ya yi shiru, can ya ce to shi dai ko X-Men kaɗai a goge. Na ce masa sai da safe.