Hannu a bakin tukunya

Asabar, sha ɗaya da rabi na dare, Berlin.

Yaya ya yi barci, ina jiyo minsharinsa ta bango. Ni kuwa idona biyu. Na sha shayi har kofi biyu, na sake wanke kwanukan da dama a wanke suke, abin bai sake ni ba. Bari in rubuta ko ya sauka.

Da safe lafiya ƙalau muka tashi. Ya zuge jaka ya dinga fito da saƙon Inna: kuka, busasshiyar kuɓewa, yajin ƙuli, sai daddawa da aka naɗe cikin leda har biyar, amma duk da haka sai da ta kama masa riguna. Na yi dariya har da riƙe ciki. Taron da ya kawo shi sai Litinin, don haka ya ce yau in zaga da shi gari, "amma ban da gidan tarihi, Auta, na san halinki, sai ki tsayar da ni gaban fasasshiyar tukunya awa biyu." Na ce na ji.

Bas mai lamba 100. Ƙofar Brandenburg, hoto ya fi ashirin. Ya ɗora babbar riga a kan rigar sanyi, ga hula ya kafa, har wasu 'yan yawon buɗe ido suka roƙa su yi hoto da shi, shi ko sai wani ƙara gyara tsayuwa yake. Muka gangaro Unter den Linden a ƙafa yana mitar iska.

A Bebelplatz ne abin ya faru. Ban karya alkawari ba, ai fili ne ba gidan tarihi ba. Wanda bai sani ba zai iya taka wurin ya wuce: wani gilashi ne a ƙasa, tsakiyar duwatsun daɓe, faɗinsa bai wuce ƙaramar darduma ba. In ka sunkuya sai ka hango ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, fari fat, kantoci daga sama har ƙasa, babu ko littafi ɗaya a kansu. An auna su daidai cin littafi dubu ashirin, kimanin abin da ɗalibai magoya bayan Nazi suka ƙona a nan daren 10 ga Mayu, 1933. Micha Ullman ne ya tsara shi, aka buɗe a 1995. Gilashin duk ya karce da sawun takalma, kuma da rana sai ka kare hasken da inuwarka kafin ka ga ciki. Yaya ya tattare babbar riga ya durƙusa, ya daɗe yana leƙe.

Na fassara masa rubutun da ke jikin ƙarfen gefe, maganar marubucin Jamus Heinrich Heine ta 1820, cewa inda aka ƙona littattafai, ƙarshenta mutane za a ƙona. Na ƙara masa da abin da yawancin masu zuwa wurin ba su sani ba: a wasan kwaikwayon da aka ciro maganar, Musulmi ne yake faɗarta, bayan ya ji labarin an jefa Alƙur'ani a wuta a kasuwar Granada. Yaya ya ce innalillahi, ya cire hannu daga aljihu. Na ga abin ya taɓa shi. Ya tambaya littattafan su wa aka ƙona. Na lissafa masa Marx da Freud da Remarque, da Kästner wanda yana tsaye cikin taron yana kallon nasa suna ci. Na ce an yi ruwan sama a daren har wutar ta ƙi kamawa, sai da 'yan kwana-kwana suka zuba fetur. Ya girgiza kai, ya ce masu kashe wuta su ne masu hura ta.

Da na tsaya a nan da yanzu ina barci.

Sai na ce ai kaso mai yawa na tulin daga gida ɗaya aka kwaso shi, kwana huɗu kafin nan. Cibiyar wani likita Bayahude, Magnus Hirschfeld, da ya buɗe a 1919 can gefen Tiergarten. Ɗalibai ne suka je da safiyar 6 ga Mayu, har da masu busa da ganga, suka fasa suka kwashe. Ya ce cibiyar me? Na ce ta binciken jinsi da sha'anin maza da mata. Mutanen da aka haifa maza amma suke jin su mata ne, da matan da suke rayuwa a matsayin maza, da masu shigar mata suna wasa a gidajen rawa, nan suke zuwa. Akwai hotunansu, da wasiƙunsu, da takardun tambayoyi da suka cike da hannunsu game da rayuwarsu.

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. "Au, na 'yan daudu ne? To ai da sauƙi. Ni na ɗauka duk littattafan ilimi ne."

Ba da zafi ya faɗa ba, da ma da zafi ne da na san yadda zan yi. Kamar mai cewa ashe ba motarmu aka buge ba.

Kun san bakina. Na ce Yaya, minti biyu da suka wuce kana salati. Ya ce wancan Alƙur'ani ne, kada ki haɗa. Na ce ban haɗa ba, Allah ya kiyashe ni, amma ashana ɗaya ce. Ya ce Auta, an la'anci namijin da ke kamanta kansa da mace, ko zaman Turai ya mantar da ke? Na ce ban manta ba, kuma ban ce maka ya halatta ba, ba fatawa na zo bayarwa ba. Aikin da nake koyo shi ne in an ba ni takarda in hana ta ruɓewa, in rubuta daga ina ta fito, in ajiye inda wani zai same ta bayan na mutu. Ba a tambayata ko ina son mai takardar.

Sai na kama zuba kamar kanya, shi yana tafiya ina bin sa. Na ba shi labarin takardar izini da 'yan sandan Berlin suke bayarwa tun kafin yaƙin duniya na farko, in likita ya sa hannu, don kada a kama mutum saboda tufafin da ya sa. Kaɗan ne suka tsira. Akwai ta Gerd Katter ta 1928, 'yar ƙaramar takarda da hoto da hatimi, mai ita shekara goma sha takwas. Na ba shi labarin mujallarsu, Das 3. Geschlecht, fitowa biyar kacal tsakanin 1930 da 1932, wadda sai da aka sha wahala kafin a haɗa cikakken jerinta. Na ce masa ko gidan rawar Eldorado da ke Motzstraße, inda maza ke caɓa ado da rigunan mata har baƙi na zuwa kallo daga ƙasashe, 'yan Nazi sun mayar da shi ofishinsu suka lulluɓe shi da tutoci. Yanzu kantin kayan miya ne, na taɓa sayen karas a ciki. Ba don hotuna da 'yan katunan talla da wasu suka ɓoye ba, wa zai ce an taɓa yin wani abu a wurin?

Bai tanka ba. Sai da na zo kan Dora Richter.

Ita ce ta fi tsaya min a rai tun da muka karanta labarinta a aji. An haife ta 1892 a wani ƙauyen Bohemiya, ta yi aikin gida a cibiyar, shara da girki, kuma tana cikin mutanen farko da aka yi wa tiyatar sauya jinsi, a 1931. Yaya ya katse ni, "ta ko ya?" Na ce ta, haka ta kira kanta, haka kuma takardunta suka koma. Shekara da shekaru ana rubutawa a littattafai cewa wataƙila an kashe ta ranar da aka fasa cibiyar, don daga nan sawunta ya ɓace. Sai kwanan nan wata mai bincike, Clara Hartmann, ta bi rajistar cocin ƙauyensu ta tarar an gyara sunan, ta ci gaba da bi har Allersberg a Bavariya. Ashe matar nan ta rayu har 1966, ta mutu tana da shekara 74. Tsofaffin garin da suka tuna ta sun ce tattabara take yawo da ita a jakar hannu. Layi ɗaya a littafin coci ya dawo wa mutum da shekara talatin da uku na rayuwarsa.

Shi kansa Hirschfeld ba ya ƙasar lokacin. A wata silima a Paris ya ga ana ƙona ɗakin karatunsa cikin labaran da ake nunawa kafin fim. Ya mutu a Nice a 1935, ranar da ya cika 67. Ragowar kayansa suka bi almajirinsa Li Shiu Tong har Vancouver, da shi ma ya mutu a 1993 aka fitar da akwatunan wurin shara. Wani maƙwabci ne ya gani ya ɗauka, ya ajiye wajen shekara goma kafin su iso hannun ƙungiyar da ke farautar kayan cibiyar a nan Berlin. Da motar shara ta riga shi, shi ke nan.

Yaya ya tsaya a bakin titi ya dube ni. Ya ce, "Auta, yawan tone-tone, kaza kan tono wuƙar yanka ta. Wani abin rufe shi ne sutura." Daga nan ya tambaya ina za mu yi sallah, don la'asar ta kusa fita. Ƙarfe uku da 'yan mintuna fa. Wannan watan sallolin rana a kan juna suke.

Masallaci. Shawarma a Sonnenallee, ya ce yaji bai ji ba. Jirgin ƙasa, kowa ya kama wayarsa.

A jirgin ne amsar ta zo min, bayan an sha kasuwa. Hadisin Ummu Salama, na mutumin nan mai ɗabi'ar mata da ke shiga gidan Annabi (SAW), har ranar da ya siffanta wata mace ta Ɗa'ifa aka ce kada irinsu su ƙara shigowa. To a Bukhari har sunansa an kawo, Hit. Malaman da suka fi mu tsoron Allah ba su goge shi ba. Sun rubuta hukuncin, sun rubuta mutumin, sun miƙo mana duka biyun. Na buɗe baki zan faɗa, na ga ya jingina kai da taga ya lumshe ido, sai na haɗiye.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Albam ɗin bikin Anti ne, mai jan bango, wanda ke cikin durowar Inna ƙarƙashin zannuwan gado.

Akwai hoto ɗaya da aka ɗauka a tsakar gida ranar yinin biki. Mata sun jeru da anko, a bayansu tukwane a kan murhu. A gefen dama an yanke hoton da reza, yankan ma a karkace. Abin da ya rage hannu ne kawai, riƙe da ludayi a bakin tukunya, da agogon mata a wuyan hannun. Ina yarinya na tambayi Goggo hannun wane ne, ta ce in tashi in ba ta wuri. Daga baya na gane. Mutumin nan ne mai waina da soyayyar kaza na bakin tasha, wanda duk bikin unguwarmu shi ake kira, don babu macen da ke iya juya tukunyar mutum ɗari uku kamar shi. Zani a kan wando, kallabi a kafaɗa, in ya yi shewa har zaure. Shi ya dafa abincin bikin Anti, na sunan 'ya'yanta, na sadakar bakwai ɗin Baba. Wajen shekarar 2000, da gari ya ɗau zafi, sai aka daina ganinsa, rumfar ta koma ta mai cajin waya. Ban san ko a lokacin Goggo ta ɗauko reza ba ko tun kafin nan.

Na ci abincin hannunsa ya fi a ƙirga, ban san sunansa na yanka ba. Ban san garinsu ba. Ban san ko yana raye ba. Ina nan ina haddace ranar haihuwar wata 'yar Bohemiya da ranar mutuwarta, har da tattabararta.

Kuma ba na jin Goggo muguwa ce. Mai yiwuwa a ganinta rufa mana asiri ta yi, kada surukai su buɗe albam su gani. Sutura, in ji Yaya. Na yi ta juya kalmar. Ni dai na san in za a suturta mutum ba a fara yanke shi.

Bayan isha, muna cin tuwon semo da miyar kukar Inna, na kasa daurewa na ce Yaya ka tuna mai wainar bakin tasha? Ya ajiye lomar da ya ɗauko. Ya ce sosai. Ya ce lokacin suna makarantar allo, in suka biyo da safe ba ko sisi, yakan kira su ya zuba musu ta gefen tanda, wadda ta ɗan ƙone, ya ce ku ci ku wuce kada malam ya zane ku. Ya yi murmushi. Na ce ya sunansa? Ya ɗaga kai yana kallon silin, ya ambaci wani suna ya ce a'a, ya ambaci wani ya ce ba shi ba. Can ya ce, "Kin ga, ya ɓace min." Ya ƙara miya. Bai sake magana ba har ya wanke hannu.

Na tura wa Inna saƙo ɗazu, na ce don Allah a ɗaukar min hoton hoton nan na albam ɗin Anti, mai tukwane. Na ga alamar ta saurara. Amsarta daƙiƙa tara: wane hoto kuma cikin daren nan, daddawar ta iso lafiya?