Ra'ayin marubuci ake tambaya, ba naka ba

Ni dai cikin tambayoyin Turanci 60 na JAMB, babu wadda take ci min rai irin wadda ake cewa a faɗi matsayar marubuci. Yaran da nake yi wa darasin yamma sun iya karatu, wallahi sun iya, amma nan suke zubar da maki.

Jiya na ba su wani rubutu kan tallar 'yan mata. Marubucin ya cika sakin layi biyu da hujjojin iyaye: talauci, kuɗin kayan ɗaki. Sai can ƙasa ya ce amma, ya fara lissafa abin da yarinyar ke rasawa a aji. Wata ɗaliba mai hazaƙa ta zaɓi "yana goyon baya", don abin da ta fara gani ke nan. Wani kuma ya zaɓi "yana tsinuwa", saboda shi kansa ya tsani talla. Alhali mutumin damuwa kawai ya nuna, cikin lalama.

Yanzu kafin su kalli zaɓi, sai sun ja layi ƙarƙashin inda ya juya magana, su ware abin da ya ruwaito daga abin da ya faɗa da bakinsa.

Malamai 'yan uwana, ku yaya kuke koyar da wannan?